Farin Shafi a Bayan Ɗakin Sanyi

Litinin, 5 ga Mayu

Wasa wuƙaƙe.

Na rubuta wannan na zauna ina jiran ɗan akwatin da zan dangwala ya fito a gefensa. Bai fito ba. Maman yara ta ce wannan manhajar ba ta da shi. Ba ƙararrawa, ba jan rubutu, ba ta ƙirga kwanakin da mutum ya tsallake. Farin shafi ne kawai da kwanan wata a sama. Na ce mata to in na gama ta yaya zan san na gama? Ta ce, "Baban yara, ba aiki ba ne fa. Ka rubuta ka rufe."

Ita ta sa mini a sabuwar wayar. Tsohuwar tana kwandon shara, gida uku. Ranar Asabar na dawo daga aiki, ƙafafuna kamar na aro, ina cire takalmi ta yi ƙara ta rubuto mini da ja wai akwai ayyukan da ban yi ba. Na maka ta da bango. Ramin yana nan kusa da makunnin wuta. 'Yar ƙaramarmu ta shige bayan labule, sai da uwarta ta jawo ta.

Kuma ni na jera wa wayar ayyukan da hannuna. Ba wanda ya sa ni.

Ba zan rubuta lamba a nan ba, lamba ta ishe ni a wurin aiki. Ga shi ban yi nisa ba har na kafa wa kaina doka.

Talata, 6 ga Mayu

Hutun rana. Ina zaune a kan kifaffen kireti a bayan ɗakin sanyi, inda injin ke huci, kusa da inda Mai-Agogo ke ajiye motarsa. Wayar ta ƙi gane yatsana, ruwa da sanyi sun cinye zanen fatar. Lambar sirri nake dannawa.

Tunda ban san me ake rubutawa ba, bari in rubuta abin da idona ya gani. Kaji suna shigowa a rataye a ƙugiya, an yanka an fige, sarƙa tana jan su ta gabanmu. Mu 'yan layin fiɗa kowa da gaɓarsa: wannan cinya, wancan ƙirji, Goggo fuffuke. Ni ne shugaban layi, wato ni ake zagi daga sama, ni ake zagi daga ƙasa. Auta, ƙanena, yana kan ƙirji, wurin da ya fi ko'ina wuya, don wuƙa tana bin ƙashi ne tana nufo hannun hagu. Ni na samo masa aikin. Da matarsa da ɗansa, amma har gobe Auta ne.

Yau Mai-Agogo ya sake ƙara wa sarƙa gudu. Ba ya faɗa. A kunne ake ji, ƙarar sai ta sirance. Shi ne mai kula da duk zauren, yana tsaye a kan ɗan dandamalinsa, agogo a wuya, allon takarda a hannu, farar rigarsa ko ɗigon jini babu. Goggo ta ce, "Kajin nan sun fi gudu a mace." An yi dariya, hannu bai tsaya ba.

Na karanta abin da na rubuta. Ban ga amfaninsa ba. Wataƙila ba haka ake yi ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Faɗa a layi.

Kaji sun taru wa Auta, suka fara wuce shi zuwa gaban na kusa da shi a layi, wanda muke kira Haƙorin Gwal, ba a cire ƙirjinsu ba. Haƙorin Gwal ya ce, "Kai ɗan lelen Yaya, in barci kake ji a kawo maka katifa." Auta ya faɗi wani abu game da bakinsa da ba zan rubuta ba. Muna da doka ɗaya da ba kamfani ne ya kafa ta ba: in za ka yi wa mutum magana mai zafi, ka fara ajiye wuƙa a tebur. Dukansu sun ajiye, wannan kam sun kyauta. Sannan suka cakumi juna. Ƙasa santsi, kitse da ruwa. Suka faɗa cikin kwatar jini, Haƙorin Gwal a sama yana dukan kunne, Auta ya gantsara masa cizo a kafaɗa ta cikin riga. Kaji suna wucewa a kansu ba mai taɓawa.

Kajin na fara gani. Sai daga baya na ga ƙanena a ƙasa.

Na fizge su. Na kwaɗa wa Auta mari har hularsa ta tashi. Haƙorin Gwal ne ya fara tsokana, amma shi ba ni da hurumin marinsa. Mai-Agogo ya gyaɗa kai daga sama. Na ji daɗin gyaɗa kan nan. Shi ma in rubuta shi, tunda ba mai gani.

Tafin hannuna yana zugi har yanzu. Na jira wayar ta ce wani abu. Shiru.

Juma'a, 9 ga Mayu

Auta ya gaishe ni kamar yadda ake gaida mai gidan haya.

Litinin, 12 ga Mayu

Safar ƙarfe. Kowa an ba shi ɗaya, ta hannun hagu, saƙar ƙananan zobba, wuƙa ba ta cin ta. Tana da nauyi, in ta jiƙe kuma kaza sulɓewa take yi. Da irin gudun da sarƙa ke yi yanzu ba mai iya bin ta da safa a hannu. To kowa yana sa ta da safe lokacin da Mai-Agogo ke zagaye, yana juya baya a zare a cusa a aljihun gaba. Ya sani. Mun san ya sani. Auta ne kaɗai ba ya cirewa, matarsa ta sa ya yi mata alkawari. Shi ya sa kaji ke taru masa.

Mai-Agogo ya kira ni gefe. "Shugaba, ƙanenka yana ja mana layi baya. Ka gyara shi, ko in gyara shi." Gyaransa ɗaya ne, ƙofar waje.

Na je na tsaya a bayan Auta na ce ƙasa-ƙasa, "Cire safar nan." Bai juyo ba. Ya ce, "Yaya, kai ka ce?" Na ce ni na ce. Ya zare ta da haƙori ya tura aljihu.

Layi ya tafi sumul har aka tashi. Da tsohuwar wayar ce da na dangwala akwati.

Da yamma na tambayi maman yara ita me take rubutawa a tata. Ta ce jiya abin da ta rubuta ke nan duka: ƙafata ta kumbura, kuma na ga wata tsuntsuwa tana wanka a murfin bokiti. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Na ce me ya kamata ni in rubuta? Ta ce, "Kai dai da kamata. Ko shayi za ka sha sai ka ce ya kamata."

Laraba, 14 ga Mayu

Asibiti. Benci a baranda.

Bayan hutun rana ne. Wuƙar ta zame daga ƙashin ƙirji ta shiga tafin hannunsa na hagu, ta bi ta gindin yatsu biyu na ƙarshe. Bai yi ihu ba. Ya ɗaga hannun yana kallo, yatsun sun saki suna reto, jini yana tsartuwa a kan kajin da ke wucewa. Goggo ce ta yi ihun. Ta yage ƙyallen gabanta ta ɗaure masa. Haƙorin Gwal, wanda ya farfasa masa kunne makon jiya, shi ya saɓa shi a kafaɗa ya yi waje da shi.

Akwai jar igiya a saman layi, daidai kaina. In an ja ta sarƙa tsayawa take yi. Tunda na fara aiki a nan ban taɓa ganin an ja ta ba.

Ni me na yi? Na shiga gurbinsa. Na ɗauki wuƙarsa, ƙotar da ɗumi, na ci gaba da cire ƙirji. Ba tunani na yi ba. Na ga gurbi a layi, hannuna ya cike shi. Ina tsaye a cikin jinin ƙanena ina tsame kajin da suka ɓaci ina jefawa a kwandon wanki. Sai da Goggo ta dawo ta ɗaka mini duka a baya da hannu biyu ta ce, "Kai ɗan nan, uwa ɗaya ta haife ku kuwa?" sannan na ajiye.

Sun shiga da shi tiyata. Caji ya kusa ƙarewa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Likita ya ce jijiyoyi sun tsinke, an ɗinke su. Ƙaramin yatsan ba lallai ya sake lanƙwasawa ba. Ɗayan sai an gani.

An miƙa wa matar Auta kayan aikinsa a leda. Ta zazzage, safar ta faɗo daga aljihu, tas da ita, ba jini ba komai. Ta zo ta same ni a baranda. "Yaya, wa ya ce ya cire?" Ashe bai faɗa mata ba. Na ce ni. Ta jefe ni da ita a fuska, zobban suka tsaga mini gira. Sannan ta hau dukan ƙirjina da dunƙule, ɗanta yana tsala kuka, tana cewa, "Kai ka kawo shi, kai ka kawo shi." Na tsaya. Nas biyu suka janye ta. Ɗaya ta so ta duba mini girar, na ce ta bari.

Auta ya farfaɗo, idonsa a lumshe saboda allura. Ya ce, "Yaya, layin dai bai tsaya ba ko?"

Ba'a ce ko tambaya ce, ban sani ba. Tun jiya nake juya ta.

Asabar, 17 ga Mayu

Da safe Mai-Agogo ya tara mu kafin a kunna sarƙa. Ya ce kamfani yana jajantawa. Ya ce kamfani ya ba kowa safa, wanda ya cire tasa shi ya so, kada wani ya ce wani ya sa shi. Ya faɗi haka yana kallona. Sannan ya duba agogonsa ya ce mun ci lokaci.

Ni nake karɓar wuƙaƙe in an tashi, ni nake wasa su. Yau na daɗe a kan ta Auta. Na wasa ta har ta aske gashin hannuna ba tare da na ji ba, ban daina ba. Mai shara ya leƙo ya ce, "Shugaba, za ka ƙarar da ita." Na ce ya yi abin da ke gabansa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ƙofar banɗaki ta maƙale, na sa mata ƙafa, marfin ya ɓalle daga sama ya faɗo a kan bokitin wanki ya fasa shi. 'Yar ƙaramar tana cin burodi a tsakar ɗaki, ta ajiye ta rufe kanta da hannuwa biyu. Ban nufi wajenta ba ma. Maman yara ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Bangon can bai warke daga na farko ba." Ta kwashi yaran suka tafi wajen yayarta sai yamma.

Gida shiru. To bari in rubuta shi.

Ina so in yanka Mai-Agogo. Na san inda gaɓa take a wuya, aikina ke nan tun ina saurayi. Ba ƙarfi ake sawa ba. Tun jiya nake ganinsa, yadda farar rigar za ta koma.

Na rubuta. Yana nan a shafin yana kallona.

Abin da na lura: ni mutum ne da in na rubuta abu a jeri sai na yi shi, ko zan mutu. A tsohuwar wayar duk abin da ka shigar aiki yake zama, a ba shi akwati da lokaci, gobe a tuna maka. Wannan ba ta ba shi komai ba. Yana kwance a ƙasan maganar ƙofar banɗaki, girmansu ɗaya.

Ban goge ba.

Talata, 20 ga Mayu

Hutun rana, kan kiretina. Wuƙar Auta tana cikin takalmin robata na dama, ƙota sama. Doka ta hana a fitar da wuƙa daga zaure, amma ni ne mai dubawa.

Yanzu haka Mai-Agogo yana cikin motarsa yana cin abinci. Ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, ƙeyarsa tana kallona. Injin ɗakin sanyi yana ƙara, ko ihu aka yi ba mai ji. Ba kowa a nan sai ni da shi.

Ina rubutu ne don manyan yatsuna biyu suna kan waya. Muddin suna nan, hannu bai sauka takalmi ba.

Me zan rubuta. Kiretin shuɗi ne, gefe ɗaya ya tsage. Akwai tururuwa suna jan ɗan guntun fata, sun kai shi bakin rami ya ƙi shiga, sun juya shi. Yana cin shinkafa da cokalin roba. Ya cire agogon ya rataye a madubi. Wuyansa yana da tabon ƙuna a gefen hagu, ban taɓa lura ba. Wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe zaune kamar mai maganar yana gabansa. "To ranka ya daɗe. Za mu cike. Yau ɗin nan, ranka ya daɗe." Ya ajiye. Ya rufe abincin bai gama ba.

Tururuwan sun shigar da fatar.

Girata tana ƙaiƙayi. Ƙafata ta dama ta yi sanyi inda ƙarfen ke taɓa ta. Auta yana yaro ni nake yanke masa farce, yana tsoron reza, sai in ce ya kalli sama ya ƙirga tsuntsaye.

Ya fito. Ya wuce ta gabana, rigarsa ta shafi gwiwata. Ya ce, "Shugaba, chatin ake yi?" Na ce e.

An buga ƙararrawa.

Litinin, 26 ga Mayu

Na kwana biyu ban buɗe nan ba. Na buɗe da shirin jin kunya, sai na tarar da farin shafi da kwanan watan yau. Ba ta tambaye ni ina na shiga ba.

Leɓena a kumbure yake, kunnen hagu yana kuka. Bari in bi shi a tsare.

Wanda aka kawo gurbin Auta bai iya ba, aka mayar da Goggo kan ƙirji. Tun ranar da ta ɗaure hannun Auta ba ta sake cire safarta ba, ta ce ita jikokinta suna son yatsunta. Kaji suka taru mata. Mai-Agogo ya sauko daga dandamali ya tsaya a bakin teburin ƙarshe ya yafito ni. "Shugaba, tsohuwar nan tana ja mana layi baya. Ka gyara ta, ko in gyara ta."

Ban da suna, ko kalma ɗaya bai canza ba.

Na nufe shi. Ban san wuƙa tana hannuna ba sai da na ga mutane suna darewa. Ya ja baya har ya jingina da bango. Na ga tabon nan na wuyansa yana motsi. Sai na ji Haƙorin Gwal a bayana, muryarsa a kwance kamar mai tambayar lokaci: "Shugaba. Tebur."

Na ajiye ta a tebur.

Daga nan na ɗaga hannu na ja jar igiyar. Ta yi tauri da maiƙo, sai da na rataya da nauyina. Ƙura ta zubo mana a kai. Sarƙa ta yi gurnani ta tsaya, kajin suka yi ta lilo a ƙugiya. Ban taɓa jin zauren nan shiru da rana ba. Har ɗigar famfo ana ji.

Mai-Agogo ya kwaɗa mini allon takardarsa a kunne, allon ya rabe. Ya bi da naushi a baki. Na cakumi wuyan rigarsa da hannu biyu na ɗaga shi, ƙafafunsa suka bar ƙasa, bai fi buhun ƙanƙara nauyi ba. Bango yana nan daidai ƙeyarsa. Haka na ɗaga tsohuwar wayar can. Jinin bakina yana ɗiga a farar rigar.

Na sauke shi a kan ƙafafunsa.

Sauran ba ni na yi ba. Wani ya jefo kireti, wani ya jefo kaza daskararriya ta sami mai gadi a goshi, masu gadi suka shigo da kulake, aka cakuɗe. Haƙorin Gwal ya rasa haƙori, ba na gwal ɗin ba, ya ce da sauƙi. Goggo ta hau tebur da safarta a hannu tana zagin kowa har da ni. Amma wuƙaƙe duk suna tebur. Na duba. Ba wanda ya ɗauka.

Talata, 27 ga Mayu

Manya sun zo daga ofis. An sauke ni daga shugaban layi, an tura ni wankin kireti a filin baya. Albashi zai ragu. Ba su kore ni ba don kowa ya ga Mai-Agogo ne ya fara duka. Shi yana nan a dandamalinsa da sabuwar riga.

Sarƙa ta rage gudu, kowa da safa a hannu. Goggo ta ce mako ɗaya ta ba su kafin su koma halinsu. Ƙila ta yi gaskiya.

Maman yara ta gasa mini leɓe da ruwan ɗumi. Ta ce, "Ka rama?" Na ce a'a. Ta daɗe tana matse tsumman a kwano.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na je gidan Auta. Matarsa ta ajiye mini ruwa ba ta kalle ni ba, amma ta ajiye. Na sa masa maɓallan riga. Ya ce ya ji labarin igiya, ya ce, "Yaya, ashe tana aiki?" Ya yi dariya har ɗinkin ya ja shi. Ya nuna mini yatsan kusa da ƙaramin, yana ɗan motsi in ya cije leɓe. Ƙaramin ko alama. Na ce masa abin da ya kamata in ce tun a asibiti. Ya ce in miƙo masa filo.

Wankin kireti ba shi da daɗi. Tiyo yana yoyo, bayana yana ciwo, kuma har yanzu in sarƙa ta canza murya daga ciki hannuna zabura yake yi. Na koma na karanta abin da na rubuta ranar da na fasa ƙofa. Yana nan. Kamar wani maƙwabci ne ya rubuta.

Ba wani canji da na gani a kaina. Ɗazu dai na zauna a bakin ƙofa ban yi komai ba har inuwa ta bar ƙafata. 'Yar ƙaramar ta zo ta tsaya daga nesa, sannan ta matso ta ce me nake yi a waya. Na ce ba komai. Ta ce ita ma za ta yi ba komai. Ta zauna ta jingina da hannuna, na dama, ta yi barci. Da hagu nake rubuta wannan, shi ya sa na daɗe.

Gobe:

raka Auta a sake masa bandeji
roba ta ɗaure tiyo
marfin banɗaki
sabon bokiti
ramin bango, in an samu siminti. In ba a samu ba, jibi.